Jar Tawadar Gidan Ding

Wurin da aka binne cibiyata yanzu marmara ce shimfiɗe, fara ƙal, motar shara tana bi ta kanta safe da yamma. Idan jikokina suka turo ni a keke zuwa Harami, masallacin Annabi, nakan sa su tsaya a ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan lemomin nan masu buɗe kansu, in ce musu a nan ƙofar hoshinmu take. Sai su ce "tayyib, ya sitti," su ci gaba da turawa, idonsu na kan waya. Ba na ganin laifinsu, don babu ko tubali ɗaya da zan nuna musu. Hoshi tsakar gida ce babba da gidaje suka kewaye, ƙofar shiga ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Namu kusan duk Takari ne, 'ya'ya da jikokin mutanen da suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa don sauke farali, suka ga Madina suka kasa komawa. Da hantsi za ka ji turmi uku suna amsa wa juna, ga mai ruwa da garewaninsa biyu a sanda yana neman hanya, ga tattabaru a kan katanga, ga mata suna suyar gyaɗar da za su kai bakin Harami su sayar wa alhazai. A cikin wannan hayaniya akwai sauti guda da ba namu ba, ƙarar kwaɓaɓɓiyar fulawa ana maka ta a kan tebur, fat, fat, fat. Wannan Baba Sini ne yana jan taliya.

Basine ne, mutumin ƙasar Sin, Musulmi, gajere, mai ɗan gemu kamar na bunsuru da farar hula da ba ta taɓa datti ba. Mu taliyarmu murza ta muke yi a tafin hannu, silli-silli, har yatsu su gaji. Shi kuwa ja yake yi, ya ninka, ya sake ja, ya kaɗa a iska, kafin ka ƙifta ido dunƙule ɗaya ya zama zare ɗari. Matarsa ta rasu tun ina goye, ta bar masa yara biyu, namiji da mace, kuma a hannun matan hoshi suka tashi. Tuwonmu suka ci, Hausarmu suka iya, har zagin da ba a so yaro ya iya. Macen sunanta Asiya, sa'ata ce, tare muka yi wasan 'yar carafke. Namijin kuwa ba zan kama sunansa ba, don shi ne ya zama maigidana. Kowa Sini yake ce musu, har malamin da ya rubuta musu takardar zama 'yan ƙasa Sini ya sa, bai tsaya tambaya ba. Sunan gidansu na gaskiya Ding ne, kuma a duk Madina babu inda aka rubuta shi sai a cikin wani littafi da tsohon yake ajiye a akwatin katako mai warin kafur.

Shi maigidan kanikanci yake yi a Bi'ir Ali, yana gyaran manyan motocin da ke tsayawa a miƙati alhazai su ɗaura harami. Tare da yayana suke aiki, kuma ta nan maganar aurenmu ta taso. Ni na so shi, shi ma ya so ni, babu wanda ya matsa wa kowa. Mutanenmu sun yi ta surutu, wata gwaggona har cewa ta yi za a haifo mana yara masu ido kamar an tsaga da reza. Innata ce kawai ta yi maganar da ta zauna mini. Ta ce, "Ke da bakinki da zuciyarki, shi tsohon da shirunsa, ban ga wanda zai sauka ba." Tsohon bai hana ba, bai kuma zo ɗaurin aure ba. Ranar da na tare yana kan teburinsa yana jan taliya, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa fulawar.

Shekara guda a gidan, sai na ga shanyar littafi. Al'adarsu ce, rana ɗaya a shekara, a tsakiyar zafi lokacin da ɗanyen dabino ya fara nuna, a fito da littafin asali a shanya shi a rana don kada asu da laima su ci shi. Tsohon shi yake lissafa ranar da yatsunsa bisa watanninsu. Zai yi wanka, ya sa farar riga, ya hau saman soro da akwatin, ya shimfiɗa tabarma sabuwa, ya jera littafin shafi-shafi yana danne gefe da ƙananan duwatsu. Takardar siririya ce kamar ɓawon albasa, rubutun daga sama yake saukowa ƙasa, layi yana haɗa uba da ɗa. A kan kowane shafi akwai alama guda mai zane biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye da ɗan lanƙwasa, kamar ƙusa. Wannan ita ce Ding. 'Ya'yansa biyu za su zauna a bakin tabarma, ni kuma in tsaya a matakala da butar shayi, don ba a ce in matso ba. Daga nan sai ya fara ba da labarin sunan, da Larabcinsa mai karaya haɗe da Hausar kasuwa, kalma ɗaya ba ya canzawa daga bara zuwa bana.

Ya ce kakansu na farko ba Basine ba ne, mutumin Buhara ne, mai dogon suna irin na malamai da ke ƙarewa da "din". Rundunar mahaya dawaki da ta ci rabin duniya ce ta kwashe shi ta yi gabas da shi, har wata ƙasa ta duwatsu da gajimare a kudancin Sin, inda ya zauna ya auri 'yar ƙasa. Sinawa kuwa ba sa ɗaukar dogon suna, gaɓa ɗaya suke so a gida. Da zamani ya juya aka fara farautar baƙi, 'ya'yansa huɗu suka raba sunan uban kamar yadda ake raba gado, kowa ya ɗauki gaɓa guda ya kama gabansa, da alkawarin duk inda zuriyarsu ta haɗu za su haɗa gaɓoɓin su gane juna. Autan ne ya samu wutsiyar, Din, bakin mutanen can ya mayar da ita Ding. Zuriyar autan ta yi arewa, ta zauna a ƙasar rawayar ƙasa kusa da wani babban kogi, suna fataucin fata da shayi. Can ma aka yi wani yaƙi da aka karkashe Musulmi gari-gari, kakan tsohon ya tsira da littafin ɗaure a cikinsa, ya bar gida da gona. Shi kansa Baba Sini, da 'yan gurguzu masu jar tuta suka karɓi ƙasar, ya biyo ayari ta kan duwatsun ƙanƙara zuwa Indiya, yatsun ƙafarsa biyu suka gutsure a hanya, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ya yi 'yan shekaru a Ɗa'ifa wurin danginsa, sannan Madina. Idan ya kawo nan sai ya ɗaga yatsa ya nuna koriyar ƙubbar Harami, ya ce sunan daga yamma ya fita, ga shi ya dawo da shi yamma.

Gaskiya labarin ya taɓa ni, har da hassada. Kakata ta wajen uwa shekara bakwai ta yi a hanya, ta binne yara biyu tsakanin Chadi da Sudan, ta yi aikin auduga don ta samu kuɗin hawa jirgi. Amma ko sunan ƙauyensu ba ta bar mana daidai ba, yau ta ce kusa da Haɗeja, gobe ta ce kusa da Gumel. Mu Takari ne, shi ke nan, suna ɗaya aka jefa mana gaba ɗaya kamar bargo. Sai na ji daɗi a raina cewa ɗan da zan haifa zai samu layi da ke haɗa shi da wani mutum na Buhara. Da na haifi namiji, maigidan ya sa masa sunan tsohon don ya sanyaya masa rai, shi ya sa Abba nake kiransa har yau. Yaron ya ɗauko baƙina da gashina, ya ɗauko idon ubansa. Aka kai wa tsohon shi a zani, ya leƙa sau ɗaya, ya ce Allah ya raya, ya koma kan fulawarsa. Shanya ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban ga an taɓa alƙalami ba.

Asiya ce ta buɗe mini ido. A shanya ta uku tsohon ya sauka alwala, ita kuma ta yafito ni da hannu.

"Zo ki gani, amma kada ki taɓa," ta ce. "Kin ga wasu ja, wasu baƙi?"

Na ce na gani.

"Mai rai da ja ake rubuta shi. Idan ya mutu sai a bi ta kansa da baƙi. Wannan jan shi ne Baba. Mu mata ba a sa mu, ma'alesh, sai haƙuri, haka abin yake."

"To ina na yayanki?"

Ta nuna da farce. A ƙarƙashin jan sunan tsohon layi ya sauko zuwa wani suna, baƙi wuluk, jan da ke ƙarƙashi yana ɗan leƙowa ta gefe.

"Ranar da kika tare ya yi," ta ce. "Wallahi na yi kuka. Yaya ya sani, shi ya ce kada a gaya miki."

Butar shayin ba ta faɗi daga hannuna ba, na sauka da ita lafiya, na zuba wa tsohon kofinsa kamar kullum. Amma daga ranar na tsane shi, tsana irin wadda take sa mutum ya tashi da ƙarfi da safe. Mutumin da nake wanke wa riga, nake dafa wa ruwan wanka, ya rubuta mijina cikin matattu saboda ya aure ni. Ya gwammace sunan da ya tsallake ƙanƙara da teku ya ƙare a kansa da a ce baƙin yaro ya gaje shi. A Madina kuwa, inda kullum yake sahu ɗaya da babana, kafaɗa da kafaɗa. Na tari maigidan da maganar, ya ce in bar tsoho da tsufansa, takarda ce kawai. Amma na lura duk shanya idonsa ba ya zuwa shafin ƙarshe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Abba ya so kakan nasa. Tun yana rarrafe yake zuwa gindin tebur, tsohon ya ture shi da ƙafa a hankali kamar mage, ya sake dawowa. Da ya girma ya iya jan taliya ta hanyar kallo kawai, tsohon bai taɓa ce masa ya yi daidai ba, bai kuma kore shi ba. Ranar shanya a matakala yake zama kusa da ni, leɓensa yana bin labarin, Buhara, ƙasar gajimare, babban kogi, ƙanƙara, Jidda. Ya zana ƙusar nan a bangon ɗakinmu da gawayi, na goge, ya sake zanawa. Wata rana ya tambaye ni yaushe za a sa shi a littafi. Na ce ya je ya tambayi mai littafin, kuma na faɗa da ƙarfi yadda mai littafin zai ji.

Abba yana da shekara tara, idon tsohon ya fara yana, har ya daina gane mutum sai ta murya. A lokacin ne ya sanar, muna cin abincin rana, cewa ya aika Ɗa'ifa. A al'adarsu wanda ba shi da magaji yakan karɓi ɗan wani ɗan'uwa a rubuta shi a ƙarƙashin sunansa, layin ya ci gaba. Ya faɗi haka ɗansa na zaune, jikansa na zaune, yana ɗaukar shinkafar da na dafa da 'yan sandunansa na cin abinci. Maigidan ya tashi ya wanke hannu. Ni kuwa na jira har tsohon ya tafi La'asar, na shiga ɗakinsa na buɗe akwatin. Tawadarsu ba ta ruwa ba ce, sanda ce busasshiya kamar guntun sabulu, ana goga ta a kan ɗan dutse da ɗigon ruwa. Jar tana cikin 'yar jaka ta siliki mai santsi, baƙar tana cikin ta sawaye mai kaushi, don ya gane su da taɓi. Baƙar ta taɓa karyewa gida biyu. Na zare jar na soke ta a zanina, na ɗauki rabin baƙar na sa a jakar siliki na ɗaure kamar yadda na same ta. Na ce a raina, bari ɗan Ɗa'ifa ya zo, da hannunka za ka rubuta shi a mace, ka ji yadda ake ji.

Ɗan Ɗa'ifa bai zo ba. Ubansa ya aiko cewa yaron ya samu aiki a Jidda, ba shi da lokacin littafin da ba ya iya karantawa. Tsohon ya karɓi saƙon, daga lokacin ƙarar fulawar ta fara raguwa, har ta tsaya. Ni kuma ban mayar da jar ba. Da farko jira nake ko za a sake aikowa, daga baya na saba da ita a ƙasan kwallata, tare da 'yan kunnen aurena. Asiya ta yi aure ta tafi Makka. Jinyar tsohon ta dawo kaina, ni ke dama masa kunu, ni ke riƙe masa buta, Abba ke jan hannunsa zuwa masallaci sau biyar a rana. Ba zan ce ban kula da shi ba, na kula, amma ko sau ɗaya ban yi masa da fara'a ba, kuma ya sani.

Shekarar da aka zo aka shafa wa ƙofofin hoshinmu fenti, alamar za a rushe don faɗaɗa Harami, Abba yana da sha huɗu. Kowa yana ɗaure kaya, an ce za mu koma Ranuna can wajen Ƙuba, wurin da a lokacin muke gani kamar bayan duniya. Ranar shanya ta faɗo a cikin wannan rububi, maigidan yana Bi'ir Ali, Abba ya hau da tsohon da akwatinsa saman soro sannan aka aike shi neman kwali. Na hau da wanki wajen hantsi. Na tarar da shi a durƙushe, hancinsa kusan yana taɓa takarda, alƙalaminsa na gashi a hannu. Jakar siliki tana buɗe a kan gwiwarsa, ta sawayen tana cikin akwati a ɗaure. Ya ji motsina ya ɗago.

"Ya binti," ya ce. Shekara goma sha biyar bai taɓa kirana 'yarsa ba. "Zo nan. Hau tabarma."

Na hau.

"Ido babu. Hannu ya sani, ido babu. Duba mini." Ya lalubo shafin da yatsa. "Wannan ɗana, na mayar masa ja. Wannan ƙarƙashi, yaro. Yaro naki, yaro nawa. Shi ya san hanya duka, Buhara har Madina. Ni na yi kuskure, dogon kuskure."

Na duba. Ya bi ta kan sunan maigidan da alƙalami har takardar ta jiƙe, baƙi a kan baƙi, ɗan jan da ke leƙowa a da ma ya rufe. Daga nan layi ya sauko, a karkace, zuwa sabon suna babba, ɗanye, yana ƙyalli a rana. Baƙi ne kamar gindin tukunya.

"Ja ne sosai?" ya tambaya, yana murmushi da bakinsa mara haƙora. "Tawada ta tsufa. Ahmar? Ya fito?"

Jar tana ƙasa a kwallata, taku ashirin tsakanina da ita. Da na sauka na ɗauko, na durƙusa na faɗi abin da na yi, da an sami yadda za a gyara, ko a sabon shafi. Na sha juya wannan tsayuwar a raina fiye da yadda na juya kowace rana ta rayuwata. Akwai tsoro a ciki, kada a ce matar ɗa ta shiga akwatin surukinta. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya da tsufana ba, akwai daɗi a ciki. Shekara goma sha biyar ina tsaye a matakala, yau ga shi a durƙushe yana tambayata, kuma ni kaɗai ke da ido.

"Ja ne, Baba," na ce. "Ya fito."

Ya ce alhamdu lillahi. Ya ce kada in gaya musu, yana so ya nuna musu da kansa idan mun tare a sabon gida, ya zama abin farko da za a buɗe a can. Na taya shi danne shafin da duwatsu har ya bushe, na shanya wankina, na sauka.

Bai ga Ranuna ba. Kwana goma sha wani abu bayan nan zazzaɓi ya kwantar da shi, aka yi masa salla a Harami aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Bayan addu'ar uku, da rana tsaka, maigidan ya jawo akwatin ya ce dole a bi sunan tsohon da baƙi kamar yadda ake yi, ko da shi ne abu na ƙarshe da za a rubuta. Abba ya matso gefensa, don bai taɓa ganin shafin ƙarshe kusa ba. Maigidan ya buɗe. Na ga fuskarsa ta canza, ya daɗe yana kallo.

"Sau biyu," ya ce a hankali. "Sau ɗaya bai ishe shi ba."

"Yaba, wannan na ƙasa fa?" in ji Abba, yana duban ubansa. "Ni ne? Ya sa ni?"

"Ya sa ka."

"To me ya sa baƙi ne?"

Ya san ƙa'idar tun yana ƙarami. Yaron da ya ja hannun tsohon nan shekara biyar zuwa masallaci ya tsaya yana kallon sunansa a cikin matattu. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya juyo gare ni.

"Ummi, ke kin hau sama ranar. Me ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba."

Maigidan bai ƙona littafin ba, ya ce wataƙila akwai sunan Allah a ciki. Ya mayar da shi akwati, ya tura cikin alkukin bangon ɗakin tsohon, muka kwashe kayanmu muka bar shi a nan. Abba da kansa ya goge ƙusar da ke bangon ɗakinmu, bangon da za a rushe bayan kwana biyu. Tun daga ranar bai sake taɓa fulawa ba, bai sake cin taliya ba, ko ta kanti. Idan aka tambaye shi asalinsa sai ya ce shi Bahaushe ne, dangin uwarsa ne danginsa, kuma na ji daɗin hakan a lokacin, Allah ya yafe mini. Motocin rusau suka zo suka bi ta kan hoshi. Lemar da nake sa jikoki su tsaya a ƙarƙashinta ina ce musu ƙofar hoshi ce, a lissafina, daidai kan alkukin nan take.

Yanzu a Ranuna kowa da ƙofarsa ta ƙarfe da na'urar sanyi, ba ka jin turmin kowa, maƙwabciyata sai ta yi wata ban ga fuskarta ba. Yara suna jin Hausa su amsa da Larabci. Maigidan ya rasu da abin a ransa, ko a jinyarsa ta ƙarshe da aka ambaci ubansa sai ya juya fuska bango, ina zaune ina yi masa fifita. Asiya ma ta riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya san labarin sunan nan ya tafi, saura ni da Abba, shi kuma ya rufe nasa. Ni da aka bari a matakala, ni ce nake iya jero shi daga Buhara har Jidda ba tuntuɓe, da Hausa.

Juma'ar da ta wuce suka zo cin abinci kamar kullum. Babban ɗan Abba yana aiki a matatar mai a Yanbu, kuma ya ce akwai Sinawa da yawa a wurin yanzu. Sun ga Sini a katinsa, sun ga idonsa, suka yi ta murna, suka tambaye shi sunan gidansu. Wai a wurinsu idan ka faɗi sunan gida za a iya gaya maka daga inda kakanninka suka taso.

"Sitti, wai muna da wani isim na Sinawa?" ya tambaye ni. "Sun ce lazim akwai."

Kafin in buɗe baki Abba ya ajiye cokali. Furfura ta cika masa gemu yanzu, ɗan gemu ne siriri irin na tsohon, ban taɓa gaya masa ba.

"Babu," ya ce. "Wani tsoho ne ya ɗauko shi daga nesa, ya zo nan ya binne. Ka ce musu kai Takari ne. Halas."

Yaron ya kalle ni. Abba ma ya kalle ni, kallon da ya yi mini yana ɗan sha huɗu, na mutumin da bai taɓa zaton uwarsa za ta yi masa ƙarya ba. Ina tsoron kabari kamar kowa, amma na fi tsoron abin da fuskar nan za ta zama idan na faɗa. Na ce su ci abinci kafin ya huce.

Da suka tafi na sa aka jawo mini kwallar daga ƙarƙashin gado, na ce turare nake nema. Tana nan a ƙasa, naɗe a tsumma. Na ɗiga ruwa a kan faranti na goga ta kaɗan, don in gani ko ta mutu. Ba ta koɗe ba ko kaɗan, ja ce sosai.